Marsiyyar Injiniya Mai Tayar da Tsoffin Motoci

Dattijon Kakuri

Assalamu alaikum, ma'abota waƙa. Allah ya yi wa abokina Injiniya rasuwa a nan Kaduna, an kai shi makwancinsa, an kuma tashi daga zaman makoki. Tare muka yi aiki a kamfanin harhaɗa Fijo na Kakuri, wanda ya fara fitar da mota a 1975. Da ya yi ritaya sai ya mayar da bayan gidansa gareji, yana sayo matattun motoci yana tayar da su. Na buɗe da ƙwar biyu. Duk wanda ya san shi ya karɓa, da amsa-amon da ya yi masa.

Bismillahi na fara da sunan Rabbana,
Shi ke rayawa, shi ke ɗauke rai a duniya.

Salati ga Manzo da alaye da sahabbai,
Sannan in juyo ga zancen Injiniya.

Mun haɗu muna samari wajen haɗa mota,
Kaki a jiki, hannu baƙi tun da safiya.

Jirgi kan sauke akwatunan Faransa a Kano,
Manyan motoci su kwaso, su biyo ta Zariya.

In mun ɗaure noti, shi sai ya sake bi,
Sai sifanar awo ta ce ƙas, sannan ya tsaya.

Yakan ce, "Motar nan wata uwa za ta hau,
Da jinjiri a cinya, kar mu cuce ta a hanya."

Fijo 504 ta zama motar gwamnati,
Kwamishina da ɗan tasi duk ita suke saya.

Daga 1986 naira ta soma zubewa,
Motocin Kwatano suka cika Najeriya.

Unguwar da jiniya ke tashin mu da asuba,
Masaƙunta suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Da ya ajiye aiki bai zauna majalisa ba,
Ya kafa rumfar kwano, ya haƙa rami a tsakiya.

Wadda mutane suka yasar ita yake bi,
Kaji na ƙwai a ciki, ba gilas, ba taya.

Ya jawo ta da igiya, yara na bin sa da ihu,
Bayan watanni ka gan ta da ƙafarta tana tafiya.

Yau ga rumfar, ga sifanu a jere a bango,
Mai su ya tafi inda ba a komowa baya.

Allah ka jiƙan abokina, ka yafe masa,
Ku karɓe ni 'yan'uwa, kuka ya shaƙe mini murya.

Yaron Gareji

Allah ya ba mu haƙuri, Baba. A hannun marigayi na koyi sana'a. Na riƙe amsa-amonka, na mai da shi ƙwar huɗu.

Na karɓe ka Baba, na rusuna,
Ni ne yaron da ya ba sifana,
Ya ɗauko ni ba ko sisi a hannuna,
A tsohuwar kasuwar Panteka ina dakon kaya.

Farkon aikina wankin noti,
Da kananzir a kwano, sati bayan sati,
Kowane ƙarfe da nasa akwati,
In ka cakuɗa su, ranar ka sha wuya.

Ran da ya fara koya mini sauraro,
Ya ce, "Matso kusa, kar ka ji tsoro,
Ɗora sukundireba a inji, yaro,
Ka sa kunnenka a ƙota, ka tsaya."

Na ji ƙas-ƙas daga can bisa,
Ya ce, "Bawul ne, ya faɗa da bakinsa,
Kawo ma'auni mu rage gibinsa,
Ba sai an sauke inji ba gaba ɗaya."

Kwantak in ya ci wuta ba ya yar da shi,
Sai ya goge da takardar yashi,
Ya saita tayimin, inji ya tashi,
Silo ya zauna, ba rawa, ba hayaniya.

Kafireta a kan farin ƙyalle,
Nan zai baje ta in ya ɓalle,
Jet ɗin da datti ya kulle,
Da iska yake busawa, ba ya tsokana da waya.

Gaskit in ya ɓace a kasuwa,
Takarda zai shimfiɗa ba damuwa,
Da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa,
Har siffar ta fito daidai, ba ƙarya.

Ana kiran salla zai ajiye aiki,
Ko da noti ɗaya ya rage a birki,
Mu wanke hannu, mu tuɓe kaki,
Shi ne a gaba, mu muna sahun baya.

Yau ga ni da rumfa, ga ni da yara,
Da sana'ar nan na samu sutura,
Duk motar da hannuna ya gyara,
Allah ka kai ladan kabarin Injiniya.

Tsohon Direba

Ni wagon 504 na ja tsakanin Kaduna da Kano, tun kafin a mayar da titin tagwaye. An daina haɗa ta a Kaduna a 2006, amma wanda ya leƙa tashoshin ƙauye ya san ba ta bar titi ba. Ga tawa shaidar.

Ɗana ka yi daidai, Allah ya yi maka albarka,
Saurara ka ji ta bakin mai jan mota.

Daga tashar Kawo nake lodi zuwa Kano,
Layi uku na kujera ne a cikinta.

Ta ci Jaji, ta ci Zariya, ta ci Kwanar Ɗangora,
Buhuna a but, ban taɓa jin ƙorafinta.

Da tsufa ya zo mata sai shuɗin hayaƙi,
Baƙin mai take sha, ƙarfinta ya ɓata.

'Yan gwangwan suka zo da sikeli har gida,
Za su sare ta, kilo-kilo su kwashe ta.

Injiniya ya ji labari ya zo da kansa,
Ya zaga ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

Ya ƙwanƙwasa shasi ya ce tsatsa ba ta ci ba,
"Ringi ne ya gaji, Alhaji, kar ka sallama ta."

Injin Fijo silib gare shi mai zarewa,
Ya zare ya sa sabo, da fistin, ya saita.

Karanshaf aka goge, aka sa sabon metal,
Ya wanke lagireto, ya bi ta kan kafireta.

Ran tayarwa bai bar ni in taka totur ba,
Ya ce, "Bi ta sannu, sai ringi ya zauna ka sake ta."

Na ce nawa ne? Ya ce in biya kuɗin kaya,
Ladan hannunsa kuwa ya hana ni in ambata.

Da ita na aurar da 'ya'ya, asirina ya rufu,
Har yau tana nan, jikana ke fita da ita.

Allah ka haskaka makwancinsa, ka sa ya huta,
Yadda ya raya abincina, ka tsare shi daga wuta.

Maƙwabciya

Sannunku da haƙuri. Ni ban san inji ba, mutumin na sani. Bitil ɗin da zan ambata irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas ne tun 1975, ya tsinto ta a wani kango.

Ku kun yi zancen inji da sifana,
Ni zan ba da shaidar maƙwabtaka.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidansa,
Da ƙarar Bitil ɗinsa muke farka.

'Yar koriya, inji a baya, ba ta shan ruwa,
Iska ke sanyaya ta, ya ce an gina ta haka.

Wani dare naƙuda ta kama ɗiyata,
Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsakiyar marka.

Layinmu ya zama taɓo, ba mai fitowa,
Na buga ƙofarsa, ba magana sai kuka.

Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauko makulli,
Da jallabiyar barci ya fito ya tuƙa.

Nauyin inji yana kan ƙafafun baya,
Ta kama ƙasa, ta ratsa taɓon nan duka.

Ya zauna a bencin asibiti har assalatu,
Sai da ya ji an ce lafiya ta sauka.

Jaririyar nan yau ita ma da goyonta,
Da ta ji rasuwar ta dafa tuwo ta yi sadaka.

Ɗan Ƙofar Ruwa

Daga Kano nake. Kayan gyaran mota nake sayarwa, kuma marigayi abokin cinikina ne na shekaru. In abu ya gagara a Panteka, wurina yake zuwa. Ina da magana a ƙarshen baitocina da nake so a warware mini.

Hajiya kin sa ni hawaye a shago,
Ga ta'aziyyar Kano daga Ƙofar Ruwa.

Injiniya kan zo mana da ɗan littafi,
Lambar kowane ƙarfe a rubuce, ba mantuwa.

Ba ya cewa a ba shi irin wancan,
Zai auna da kansa, ya juya yana dubawa.

In aka miƙa masa jabu sai ya yi murmushi,
Ya ajiye a tebur, ba zagi, ba tsawa.

Ya fi son tsohon asali da aka ciro a jiki,
Da sabon kwali mai sheƙi marar jurewa.

Landiroba ya taɓa tayarwa, na je na gani,
Jikinta alminiyom, tsatsa ba ta kamawa.

Shasinta ne ƙarfe, nan ruɓa take ɓuya,
Ya yanke, ya yi walda, ya bi da shafawa.

Sitiyarinta na dama, ta girmi canjin hannu
Na 1972, amma ta tashi tana takawa.

Mu 'yan kasuwa mun fi son mai sauya kaya,
Shi mai gyara ne, amma a wurinsa na san ƙaruwa.

Saƙonsa na ƙarshe yana nan a hannuna,
Famfon ruwan Fijo 404, akori-kura tsohuwa.

Na samo shi da ƙyar ta hannun wani a Maraɗi,
Na kira in yi albishir, sai na ji labarin rasuwa.

Ga shi a naɗe a leda, kuɗinsa ya biya tuni,
Wa zan miƙa wa amanar nan, 'yan'uwa?

Malamin Unguwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tambayar Alhaji ta shari'a ce, don haka zan amsa ta a fili.

Alhaji ka kyauta da ka fito da amana,
Riƙe ta har bayan rai babban alheri.

Amma ku saurara, kada ƙauna ta ja mu,
Dukiyar mamaci tana da nata tsari.

Famfon da motocin da sifanun bango,
Sun zama na magada tun kafin a kai shi kabari.

A fara da bashi in akwai, a sauke masa,
Sai wasiyya, sulusi ne iyakarta, ba ƙari.

Saura a raba yadda Suratun Nisa'i ta ce,
Matarsa da 'ya'ya, kowa a ba shi a sarari.

In sun ga su sayar, kada wani ya zarge su,
Mai takaba na buƙatar abinci da jari.

Na ji masu cewa ya zuba fansho a tsatsa,
Wai da ya sayi filaye a bayan gari.

Ni dai na ga yaran da ya janye daga titi,
Suna cin halal yau a Panteka da Kakuri.

Hadisi ya ce aiki na yankewa sai uku,
Ilimi mai amfani na ciki, ku yi nazari.

Sai mu ji ta bakin iyali, su ke da magana,
Allah ya ba su dangana da haƙuri.

Matashin Injiniya

Allah gafarta Malam, iyayena, a yi mini afuwa in sa baki. Ban san marigayi ba sai ta baitocinku. Motocin yanzu nake gyarawa, kuma akwai abin da ke cina.

Na yi ta'aziyya, Allah ya jiƙan Baba,
Amma ina da tambaya irin ta ɗan zamani.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023,
Kowa na auna lita da mizani.

Kafireta ta fi injekta shan mai,
Hayaƙinta ya fi yawa, wannan kowa ya sani.

Tsohuwar mota ba jakar iska a sitiyari,
In aka yi karo, na ciki ke neman magani.

Mu yanzu na'ura muke soka wa mota,
Ta karanto laifin, ta rubuto bayani.

To me za a ci da tayar da 404,
In ban da kallo? Iyaye, ku fahimtar da ni.

Dattijon Kakuri

Tambaya ce mai kyau, ɗana. Zan amsa maka da amsa-amonka.

Ɗana, tambayarka a kan hanya take,
Ba mu ce a koma jiya ba, kowa da nasa ƙarni.

Na'urarka za ta ce silinda ta biyu na fashi,
Dalilin fashin fa? Nan ake neman masani.

Fulogi ne, ko kwayil, ko bawul ya ƙone?
Wanda bai buɗe inji ba sai canki da tsammani.

Ya sa mai mota sayen wannan, ya sayi wancan,
Aljihu ya ƙare, ciwon na nan ba magani.

A tsohuwar mota komai a fili yake,
Yaro ya ga wuta da mai da iska, ya yi tunani.

Don haka ya tara su, rumfar nan makaranta ce,
Wanda ya iya su, sabuwa ba ta ruɗa shi, ka ji ni.

Kuma ƙasar da ta haɗa mota da hannun 'ya'yanta,
Ya kamata ta bar ko ɗaya jikoki su gani.

Autar Injiniya

Baffa, Allah gafarta Malam, Mama Hajiya, da sauran iyaye da yayye, mun gode. Na karanta wa Umma baitocinku duka, tana takaba, ta ce Allah ya saka da alheri. Ga amsar gida.

Na gode iyaye, na gode yayye,
Kun share mana hawaye da kuka tuna Babana.

Mun tashi da warin giris a tsakar gida,
Kafin in iya rubutu na san lambar sifana.

"Miƙo mini sha uku," in ruga in ɗauko,
Ya ce, "Auta, ke ce hannun damana."

Ran salla zai wanke wadda ta tashi,
Ya zuba mu a baya mu zaga garin Kaduna.

Tsofaffi su tsai da mu a bakin titi,
Wani ya shafa bodin ya ce, "Irin ta ubangidana."

Masu cewa ya zuba fansho a tsatsa,
Ba mu san yunwa a gidansa ba, dare ko rana.

Kuɗin makarantarmu ne farko a littafinsa,
Ragowar ce ta ƙarfe, na gani da idona.

Da ciwo ya kwantar da shi, hannu na rawa,
A kujera ake kai shi rumfa ya zauna.

Yaya na ɗaure noti, shi yana kallo,
Ya ɗaga yatsa ya ce, "A'a, sassauta, ɗana."

404 ce ta ƙarshe, ya gama inji da birki,
Saura famfo da fenti, sai ga ƙarar kwana.

Allah gafarta Malam, magada mun zauna,
An bi bashi da rabo yadda ka zayyana.

Bitil da Landiroba za a sa su a kasuwa,
Ga mai hawa, ba mai sikeli ba, shi ne fatana.

Akori-kurar kuwa aka yi mata ƙima,
Ta faɗo a kason da muka haɗa da yayana.

Mun yarda a ƙarasa ta a rumfar da ya bari,
Ta zam ta koyon yara, ladan ya je wa Abbana.

Alhaji na Ƙofar Ruwa, ga amsarka,
Ka ba Yaron Gareji famfon, ka sauke amana.

Rabbi ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa,
Ka haɗa mu da shi a Firdausi, Aljanna.

Ɗan Ƙofar Ruwa

'Yata na ji, kuma nauyi ya sauka,
Gobe zan ba motar Kaduna, ba tsayawa.

Na haɗa da fanbel da tiyon lagireto,
Kyauta ce, kada wani ya tambaye ni nawa.

Matashin Injiniya

Baba, na gamsu da rabin zancenka,
Batun shan mai kam da saura a gare ni.

Amma zan zo in ga yadda ake saita kwantak,
In riƙe muku fitila, ku koya mini.

Yaron Gareji

Auta na ji, da hannu biyu na karɓa,
Na buɗe bonet ɗazu na duba,
Man tanki ya tsufa, sabo za a zuba,
Batir ya yi sanyi, ɓera ya ci waya.

Famfo na isowa mu ɗaura shi,
Mu cika ruwa mu ga yadda zai tashi,
Mai fenti ya ce Baba na bin sa bashi,
Na alheri ne, da aikinsa zai biya.

Ɗan'uwa mai na'ura, ba laifi,
Zo ran Asabar kafin rana ta yi zafi,
Ka taho da kaki da ɗan littafi,
Za ka shiga rami da mu, ka shirya.

Saura launi, Auta, ki tambayo Umma,
Na kankare fenti a ƙofar dama,
Fari ne a ƙasa, shuɗi a sama,
Wanda Baba ya ambata mata, shi za mu saya.